Kafin Mu Yi Mafarkin Ƙera Mota, Mu Fara da Kayan Gyaranta

Daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ake cire albasa a fadamun Tarka da Majiya, ƙarafa ma suna shan wahala a ƙasar Madawa kamar yadda mutane ke sha. Injin ban ruwa ya kwashe watanni yana kuka a bakin rijiya. Amalanke na ta jigilar buhuna daga garka zuwa rudu. Babur na ɗauko manomi daga Urno ko Bangi cikin yashi da ƙura zuwa kasuwar Tunfafi, manyan motoci kuwa sun yi layi a Sabon Gida da Galmi suna jiran lodin da za su kai Kumasi da Abijan. Duk waɗannan injuna suna shan mai, kuma kowa na lissafin kuɗin mai. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne abin da suke ci sannu a hankali: sarƙa, boris, fulogi, filta, tiyo, takalmin birki, sifirin da batir. Kuɗin da ake kashewa a kan waɗannan ƙananan kaya daga Madawa har Buza da Keita ba ya kwana a jihar Tawa. Yana bin hanyar Ƙonni da Illela, ko ta Maraɗi da Jibiya, ya shiga Kano da Legas da Nnewi, daga can mafi yawansa ya tsallaka teku zuwa Sin da Indiya. Ra'ayina shi ne wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana iya tsayawa a gida, amma sai mun gane ta inda mai ƙera kayan mota yake samun abincinsa, mun kuma daina zuba ido a ƙofar da ba za ta buɗe mana ba.

Mai ƙera kayan mota, ko a Jamus yake ko a Japan, manyan ƙofofi biyu ne kuɗi ke shigo masa ta cikinsu. Ta farko ita ce ta kamfanin da ke haɗa sabuwar mota. Yawancin abin da ke cikin motar Toyota ko Peugeot ba masu sunan ne suka ƙera shi ba. Fitila daga wani kamfani take, kujera daga wani, wayoyin lantarki daga wani daban. Mai haɗa motar yakan ba da kwangilar da za ta ɗore muddin ana yin wannan samfurin, a riƙa kai masa kaya dubbai a kan lokaci ba fashi. A nan ake jin manyan alƙaluma. Bosch na Jamus ya yi cinikin Yuro biliyan 91.6 a 2023, fiye da biliyan 56 daga ciki a ɓangaren ababen hawa. Denso na Japan, wanda ya fito daga cikin Toyota a 1949, har yau kusan rabin cinikinsa da gidan Toyota yake yi. Sai dai yawan ciniki daban, riba daban. Mai haɗa mota shi ke da wuƙa da nama. Shi ke yanka farashi, yakan nemi a rage masa wani abu kowace shekara, alhali mai kawo kayan ya riga ya zuba jarinsa a injunan da aka kafa don wannan samfurin kaɗai. Idan kasuwar motar ta faɗi, shi ke fara ji a jikinsa, idan kuma aka gano aibi a kayansa, shi ke ɗaukar kuɗin dawo da motoci. Haka Takata na Japan ya durƙushe a 2017 saboda jakunkunan iskar da ya ƙera suna fashewa suna kashe mutanen da aka yi su domin karewa. Haka Delphi, wanda General Motors ya yaye a 1999, ya shiga kotun karayar arziki a 2005, a lokacin da babu kamarsa a masu ƙera kayan mota a Amurka.

Ba sai mun je Amurka ba, maƙwabtanmu na kudu sun ɗanɗana wannan. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, a cikin ƴan shekaru kuma aka samu na manyan motocin Fiat a Kano, na Steyr a Bauchi, na Mercedes a Inugu, na Volkswagen a Legas, na Leyland a Ibadan. A inuwarsu masana'antun batir da gilashi da kujeru da taya suka rayu, domin akwai babban mai saye da ke jiransu. Da kuɗin man fetur ya ja baya, aka karya darajar naira daga 1986, motocin gwanjo na Turai suka cika tituna, sai masu haɗa motocin suka rage aiki, wasu suka rufe. Masana'antun da suka jingina da su suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Michelin ya bar Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a shekarar da ta biyo baya. A 2013 gwamnatin Najeriya ta sake fito da tsarin farfaɗo da haɗa motoci, ta ɗora haraji mai nauyi a kan waɗanda ake shigowa da su a haɗe, amma yawancin masu lasisin suna kawo motar ce kusan a gama, a ɗaure mata ƴan abubuwa a can. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 da tashoshin jiragen ruwa ke nan. Masu ba da misali da Moroko, inda Renault ya buɗe masana'anta a Tanja a 2012 masu ƙera kaya suka yi masa zobe, su tuna cewa daga Tanja ana hango gaɓar Turai da ido. Madawa kuwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ke tsakaninta da teku. Wannan ƙofa ba tamu ba ce a yanzu, kuma faɗin haka ba raina kai ba ne.

Ƙofa ta biyu ita ce ta gyara, kuma ita ce masu sana'ar suka san daɗinta. Mota ana sayar da ita sau ɗaya, amma tana neman filta da birki da batir har ranar da za a kai ta wurin ƴan gwangwan. Kayan da aka sayar wa mai haɗa mota da ƙaramar riba, shi ne dai ake sawa a kwali a sayar wa bakanike da ribar da ta fi waccan nesa, domin a nan babu mai saye guda ɗaya da zai murɗe wa mai ƙira hannu. Masu saye dubbai ne, kowa motarsa ta tsaya, kowa yana sauri. Wani lokaci kayan na fita cikin kwalin mai motar ta hannun dillalansa, wani lokaci cikin kwalin mai ƙirar da sunansa, kuma wannan na biyun ya fi masa riba. Wani abin lura shi ne kasuwar gyara ba ta faɗuwa idan zamani ya yi tsanani. Wanda ya kasa sayen sabuwa sai ya riƙe tsohuwar, tsohuwa kuwa ta fi cin kaya. Bosch ya gane wannan tun da wuri, shi ya sa tun 1921 ya fara kafa garejojin da ke aiki da sunansa, farawa da birnin Hamburg, don kada wani ya shiga tsakaninsa da mai mota. Manyan kamfanonin kan ƙara da wata dabara: abin da suka iya yi wa mota sai su yi wa injin noma, janareta da famfon ruwa, don kada arzikinsu ya rataya a wuyan kasuwa ɗaya.

To, duba ƙasarmu da wannan ido. Kusan duk motar da ke yawo tsakanin Madawa, Buza, Keita da Tawa ta riga ta ci ƙuruciyarta a wata ƙasa kafin ta iso. Hanyoyin Adar duwatsu ne da kwazazzabai, na wajen Urno yashi ne da jar ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe filta, zafin bazara yana kashe batir da roba, lodi kuma kullum ya wuce abin da aka ƙera motar ta ɗauka. Ga baburan kabu-kabu da na ƙauye, ga dubban injunan ban ruwa a garake, ga injunan niƙa, ga amalanken da ke tafiya a kan tayar mota da boris. Abin da muke kira wahala, a idon mai ƙera kayan gyara kasuwa ce wadda ba ta yankewa. Wasu sun daɗe da ganin haka, shi ya sa shagunan kayan gyara ba sa rasa ciniki a kowace tasha. Mu ne dai muka tsaya a matsayin masu saye da masu ɗaurawa.

Labarin Nnewi, a jihar Anambara, shi ne ya fi dacewa mu yi nazari, domin ya nuna matakan da ake bi. Mutanen garin ba da masana'anta suka fara ba. Da sufuri da fataucin kayan gyara suka fara, kasuwar Nkwo ta zama cibiyar kayan mota da babur, yaro ya yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima a shago kafin a sallame shi da jari. Shekarun da suka yi a bayan kanta sun koya musu abin da injiniya ba zai gani a takarda ba: wane kaya ne ke fita kullum, wanne ke kwana, nawa mai babur zai iya biya. Da shigo da kaya ya yi wuya a shekarun 1980, sai suka koma wurin abokan cinikinsu na Taiwan suka sayo injunan da kansu, suka kawo masu koya musu aiki. Cletus Ibeto, wanda ya fara da shigo da kayan gyara, ya kafa masana'antar batir da kayan birki a garin kafin ƙarshen shekarun 1980. Innocent Chukwuma ya fara da sayar da kayan babur, ya koma shigo da babura a wargaje yana haɗawa, ya shiga yin sassan roba da za su maye gurbin waɗanda ake kawowa, sai a 2010 aka buɗe masana'antarsa ta haɗa motoci ta Innoson. Mota ce ta zo ƙarshe a labarin. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Deborah Brautigam, ta nuna a 1997 yadda masana'antun Nnewi suka riƙa samar wa kansu wuta da ruwa saboda gwamnati ba ta kawo ba. Ba na cewa Madawa za ta zama Nnewi, kuma masana'antun can ma da yawa sun sha kashi a hannun kayan Sin daga baya. Abin ɗauka shi ne jerin matakan: fatauci, sanin kasuwa, gyara, sannan ƙira, kuma a fara da ƴan kaya kaɗan da aka tabbatar suna fita.

Ba daga fako za mu fara ba. A garin Tawa akwai ACREMA, wadda aka sani da ƙera amalanke, kayan noma da famfon rijiya na Volanta, kamar yadda Doso ke da CDARMA. A ƙarshen shekarun 1990 masu walda na Nijar sun koyi ƙera famfon ƙafa na ban ruwa da aka sa wa suna Niyya da Ƙoƙari, suka sayar wa masu garka da hannunsu. A kasuwar Katako ta Yamai ana narka tsohon alminiyam a zuba tukwane, a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa babu irin ƙarfen da ba a sarrafawa. A kowace tashar mota ta jihar Tawa akwai mai yanka tsohuwar taya ya fitar da robar da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, akwai mai yanka gaskit, mai lanƙwasa sifirin, mai toshe lagireto, mai yin bodin mota da katako da ƙarfe don lodin albasa da dabbobi. Duk wannan ƙira ce, ko da ba a kira ta da sunan ba. Matsalarta ita ce ana yin ta ɗaya-ɗaya, sai abu ya karye mai shi ya zo yana jira, a auna da ido, a gwada, a sake fiƙewa. Bambancin bakanike da mai masana'anta ƙarami ne a ido amma babba ne a aljihu: na farko yana jiran ɓarna ta zo masa, na biyu ya yi guda ɗari iri ɗaya tun kafin lokacin ban ruwa, ya rarraba a shaguna, kuɗi na shigo masa yana barci.

Akwai wata hanyar samun kuɗi da nake ganin ta fi kowace dacewa da mu, kuma manyan kamfanoni ba sa wasa da ita. Ita ce sabunta tsohon kaya. Caterpillar da Bosch suna da sassa na musamman da ke karɓar matacciyar na'urar tayar da mota, ko ta cajin batir, ko famfon gas, a wargaza ta, a wanke, a canza abin da ya cinye, a gwada, a sayar da ita da garanti a farashin da bai kai na sabuwa ba. Mai saye yakan ajiye wani kuɗi, idan ya kawo tsohuwar a mayar masa, ta haka kayan aiki ba ya yanke wa kamfanin. Kanikawanmu suna naɗin waya, suna canza zobe da boris, wato rabin aikin yana hannunsu. Abin da ya rage shi ne tsari. A ce a Madawa akwai wurin da manomi zai kawo injin ban ruwan da ya mutu da safe, a miƙa masa wani da aka riga aka sabunta, ya biya bambanci ya koma garka kafin azahar. Albasa saiwarta ba ta nitsewa ƙasa, ba ta jure ƙishi, musamman lokacin da take ɗaura kai. Kwana uku na jiran fisto daga Ƙonni ko Maraɗi yana iya rage wa mutum buhunan da kuɗinsu ya ninka na fiston sau da yawa. Wanda ya sayar wa manomi lokaci ya sayar masa da abin da ya fi ƙarfe daraja, kuma wannan haja ce da masana'antar da ke Sin ba ta da ita.

Na san abin da za a fara cewa, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce kayan Sin da Indiya sun fi araha, babu wanda zai yi gasa da masana'antar da ke fitar da miliyoyi. Za a ƙara da cewa tun da naira ta rasa fiye da rabin darajarta bayan Yunin 2023, mai riƙe da sefa yana sayen kaya a Kano da Sakkwato cikin rahusa, don haka duk abin da aka ƙera a wannan gefen iyakar zai fito da tsada. Har ma a tuna mini cewa famfon Niyya da Ƙoƙari kansa injunan ban ruwa masu araha ne suka ture shi. Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa zaɓen abin da za a ƙera ya fi ƙirar kanta muhimmanci. Fulogi, fisto, zobe, boris da kafireta ba namu ba ne. Suna son awo mai tsanani da ƙarfe na musamman, ga su marasa nauyi, kwali ɗaya ya ɗauki ɗaruruwa. A bar wa masu su. Amma akwai kayan da nauyinsu ko girmansu ke sa kuɗin ɗauko su ya kusa kai na ƙera su, akwai waɗanda dole a yi su daidai da hanyarmu da lodinmu, akwai kuma na tsofaffin motocin da masu su suka daina yi wa kaya tun tuni. Gatarin amalanke, kariyar babur mai ɗaukar buhu, ƙarin sifirin, bodi, robobin ƙafar mota, mahaɗar tiyo, fankar cikin famfo da ake iya zubawa da alminiyam, duk suna cikin wannan aji. Sannan arahar waje tana da ranar da take ɓacewa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa har Maris na 2024, hanyar Kwatano kuma ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Sau biyu cikin shekara biyar ke nan, kuma ban ruwa bai tsaya jiran a buɗe iyaka ba.

Ƙorafi na biyu shi ne wuta da jari. Jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin wutar da ke zuwa daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka amma ba ta wadatar ba. Wannan ya isa ya hana mu tunanin narka ƙarfe mai yawa, na yarda. Amma injin sassaƙar ƙarfe, na huda, na walda da ɗan murhun narka alminiyam ba sa cin wutar da ta fi ƙarfin faifan hasken rana da ƙaramin janareta, kuma aikinsu na rana ne. Jarin ma ba ya wuce abin da babban dillalin albasa ɗaya ke juyawa a kaka mai kyau. Direbobinmu da ke kai albasa Kumasi sun san Suame, unguwar da dubban kanikawa da maƙera ke aiki wuri ɗaya. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe ƙaramar cibiya a tsakiyarsu, ta kawo injunan sassaƙa da dabarun zubi, masu sana'a suka koya suka sayi nasu. Ba wani abu ne da ya fi ƙarfin Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ba, ko cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙananan hukumomi, ko asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a. Yaron da ya fita daga cibiyar koyon sana'a ya iya karanta zane da riƙe ma'aunin kauri ya fi amfani ga wannan tafiya fiye da injin da aka kawo kyauta aka kulle a ɗaki.

A ganina, babban abin da ke hana kayan gida samun kuɗi ya wuce wuta da jari. Suna ne. Mai babur da ya shiga shago a Buza yana ganin kwali uku masu tambari iri ɗaya da farashi uku, mai shago ya ce masa wannan orijina ne, wannan na biye, wannan kuma a lallaɓa. Ba shi da hanyar tabbatarwa sai bayan ya biya ya ɗaura. A irin wannan kasuwa mai jabu ne ke cin riba, domin tun da ba a iya bambancewa, kowa sai ya sayi mafi araha. Abin da manyan kamfanoni ke sayarwa a ƙofar gyara rabinsa ƙarfe ne, rabinsa amana, kuma a kan amanar suke ɗora ribarsu. A nan ɗan gida yana da abin da baƙo ba shi da shi, domin an san gidansa. Manomanmu tun kaka da kakanni sun san fartanyar wane maƙeri ce ke jurewa, suna bin ta kasuwa-kasuwa, kuma maƙerin da ya yi algus ba ya buƙatar alƙali, kasuwa ce ke hukunta shi. A maido da wannan cikin sabuwar sana'a. Duk kayan da aka ƙera ko aka sabunta a buga masa tambarin mai shi da sunan garinsa, a ba da garanti na kaka ɗaya, idan ya karye a canza ba gardama. Wanda ya yi haka shekara uku a jere zai iya sayar da kayansa sama da na jabun waje, mutane kuma su biya da daɗin rai.

Akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba, kuma gara a faɗe ta tun yanzu. Birki, sitiyari da duk abin da idan ya saki rai ke salwanta, ba wurin gwaji ba ne. Motar da ta ɗauko mutane da kaya tana gangarowa daga tsaunukan Keita ba ta da damar gwada takalmin birki sau biyu. Irin waɗannan sai an samu wurin gwaji da hukumar da za ta sa hannu. Batir kuma ya fi kowanne jan hankali, domin yana mutuwa da wuri a zafinmu kuma dalmar cikinsa tana da kuɗi, yanzu ga batiran hasken rana sun ƙaru a kowane ƙauye. Amma fasa batir da narka dalma a cikin unguwa kisan yara ne a hankali. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'a, kuma mutanen Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yaransu a 2010, ko da yake tasu daga haƙar zinariya ta fito. Abin da ya dace da mu shi ne tattara matattun batira a rufe, ba tare da zubar da ruwansu ba, a miƙa wa masu masana'antar da ke da kayan kariya. Ko a wannan akwai riba ta halal.

Wasu kuma za su ce zamanin injin mai ya kusa wucewa, famfon hasken rana yana shiga garake, babura masu batir sun fara bayyana a biranen Afirka. Haka ne, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin masu ban ruwa ya canza. Amma famfon hasken rana ma yana da fanka da boris da wayar da ke ƙonewa, yana son ƙarfen da zai ɗauki faifansa, babur mai batir kuma bai rabu da taya da birki da kariya ba. Wanda ya iya awo da naɗin waya ba zai rasa aiki ba.

Abin da ya rage shi ne mai saye na farko, domin babu mai walda da zai zuba kuɗinsa ya yi guda ɗari alhali bai san wa zai ɗauka ba. A Turai mai haɗa mota ne ke ba da wannan tabbaci. A wurinmu ƙungiyoyin manoman albasa ne za su iya, da ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu, da ƙananan hukumomin da ke da famfunan rijiyoyi da motocin ɗaukar marasa lafiya. Tun aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, wannan yanki yake karɓar ayyuka masu zuwa da injuna, kuma kowane inji ransa yana hannun wanda zai samo masa kayan gyara bayan masu aikin sun tafi. Ya kamata duk wata yarjejeniya da za a sa wa hannu nan gaba ta ƙunshi sharaɗin cewa abin da za a iya ƙerawa ko sabuntawa a jihar Tawa, a nan za a saye shi. Ina kira ga rassan ƙungiyar masu albasa ta ANFO na Madawa, da masu riƙon ƙananan hukumomin Urno, Bangi, Sabon Gida, Buza da Keita, da shugabannin kanikawa da masu shagunan kayan gyara, su zauna tun kafin a fara rainon irin albasa na baɗi. Masu shago su buɗe littafinsu su faɗi kaya goma da suka fi fita. A ware waɗanda za a iya yi a gida, a kai wa ACREMA da masu walda na gari odar da ke da adadi da awo da ranar karɓa, a biya rabin kuɗi a gaba, sauran idan an sayar da albasa.